Sauro, Ɓarin Tumaki da Zazzaɓin Kwarin Rift

Duk ɗalibin da aka tambaya wace cuta sauro ke kawowa, maleriya zai ambata. Gaskiya ne, amma ɓarnar sauro ba ta tsaya nan ba. Akwai wasu ƙwayoyin cuta da ake kira bairos, waɗanda suka fi ƙwayar maleriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, har madubin ƙara girma na makaranta ba ya iya nuna su. Sauro na yaɗa da yawa daga cikinsu, kamar na shawara da na dengi. A wannan maƙala za mu duba ɗaya da ke fara wa dabbobi kafin ya kai ga masu su, wato na zazzaɓin Kwarin Rift.

Asalin sunan

A shekarar 1930 tumaki suka yi ta ɓari, 'ya'yansu na mutuwa da yawa, a wata gona kusa da tafkin Naivasha, cikin babban kwarin nan na Rift da ke ƙasar Kenya. Masana uku, Daubney da Hudson da Garnham, suka gano cewa bairos ne sanadi, suka bayyana sakamakonsu a 1931. Daga nan cutar ta ɗauki sunan kwarin, ko da yake ba ta tsaya a cikinsa ba.

Tafiyar ƙwayar a jikin sauro

Macen sauro ce kaɗai ke shan jini, domin da shi ƙwanta ke ƙosawa. Mutane da yawa na ɗauka cewa bakinta kamar allura ne, mai kwaso jinin wani ya zuba wa wani. Ba haka abin yake ba. Idan ta sha jinin dabba mai cutar, ƙwayoyin sukan sauka a hanjinta, su kutsa cikin bangonsa su hayayyafa. Daga nan su bazu a jikinta har su isa jakunkunan da ke haɗa mata yawu. Wannan tafiya kan ɗauki kimanin mako ɗaya zuwa biyu, kuma zafin gari na gaggauta ta. A duk lokacin da za ta yi cizo, sai ta fara tofa yawu domin hana jini daskarewa, kuma cikin yawun ne ƙwayar ke shiga sabon jiki. Da zarar ta kamu, tana ɗauke da ita har ƙarshen rayuwarta.

Wannan ne ma ya sa sauro ba ya yaɗa ƙanjamau. Ƙwayar ƙanjamau ba ta iya hayayyafa a jikin sauro, narkewa take yi tare da jinin da ya sha.

Ina take ɓuya da rani?

Akwai jinsin sauro da masana ke kira Aedes. Shi ba a kan ruwa yake zuba ƙwai ba, sai a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta gefen fadama ko kududdufi. Ko ƙasar ta bushe ta tsage, ƙwan na iya zama da rai tsawon watanni, wani lokaci har shekaru. Binciken da aka yi a Kenya cikin shekarun 1980 ya nuna cewa uwar na iya gadar wa ƙwanta bairos ɗin. Idan aka yi mamakon ruwa, fadamu suka cika suka daɗe ba su janye ba, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe a lokaci guda, wasu sauraye su fito da cutar tun kafin su ciji kowa.

Su ne ke fara harbin tumaki da awaki da shanu da raƙuma. A jikin dabbar ƙwayar kan yi yawa ƙwarai, sai wani jinsin sauro mai suna Culex, wanda ke hayayyafa a kwantaccen ruwa, ya ɗauka ya ƙara watsa ta. Cutar ta fi yi wa hanta illa. Cikin 'yan tumaki goma da suka kamu, tara na iya mutuwa, kuma kusan duk tunkiya mai ciki takan yi ɓari.

Daga garke zuwa gida

Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Sauro na iya harbin mutum, amma akasarin masu kamuwa ta hanyar taɓa jini da kayan cikin dabba suke ɗauka: wajen yanka, ko fiɗa, ko taimakon dabba mai haihuwa, ko ɗaukar ɗan ɓari. Ɗanyar madara ma abar tsoro ce. Saboda haka makiyaya da mahauta da malaman dabbobi suka fi shiga haɗari. Bayan kwana 2 zuwa 6 sai zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi su taso, har a zaci maleriya ce. Yawanci a kan warke cikin mako guda, amma kaɗan daga cikin majinyata cutar kan taɓa musu ido ko ƙwaƙwalwa, ko ta haddasa zubar jini. Kimanin rabin masu zubar jinin sukan rasu.

Tarihi ya nuna yadda cutar ke bin ruwa. A 1977 ta ɓarke a Masar, ta kashe kusan mutum 600. A 1987 ta bayyana a kudancin Muritaniya, bayan gina madatsar ruwa ta Diama a kogin Senegal. A 2000 ta tsallaka zuwa Saudiyya da Yaman, karo na farko a wajen Afirka, abin da ya sa Saudiyya ta dakatar da sayen dabbobi daga ƙasashen ƙuryar gabashin Afirka. A damunar 2016 kuwa ta faɗa wa makiyayan jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, musamman yankin Cintabaraden, inda fiye da mutum 30 suka riga mu gidan gaskiya. Dabbobin wannan yanki kuwa ba baƙi ba ne a kasuwannin arewacin Nijeriya.

Abin yi

Akwai allurar rigakafi ta dabbobi, amma kafin annoba ake yin ta, domin yin ta a tsakiyar annoba da allura ɗaya na iya ƙara yaɗa cutar. Mutane kuwa har yanzu ba su da rigakafin da aka amince a yi wa jama'a. Don haka kariya na hannunmu. Kada a yanka dabba mai ciwo don gudun asara. Kada a taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya da hannu tsirara. A sa safar roba, a binne su da zurfi. A tafasa madara, a dafa nama ya nuna, a kwana cikin gidan sauro.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne lura. Cutar takan bayyana a garke kafin ta bayyana a asibiti. Idan bayan ruwa mai yawa aka ga tumaki na ɓari bi da bi, to, a gaggauta sanar da malamin dabbobi mafi kusa. Yawancin ɗalibanmu na da tunkiya ko akuya a gida, ko ɗan'uwa a ruga. Malamin da ya koya musu wannan alama guda ɗaya ya ba su ilmin da zai iya ceton garke da masu shi.