Daga kaset zuwa WhatsApp: yadda saƙo ke samun jama'a a Tamanrasset

A unguwar Tahaggart da sauran unguwannin Tamanrasset da baƙi daga Nijar da Mali suke zaune, wayar salula ta zama shago na biyu. Tela yana ɗora hoton ɗinkinsa, mai abinci tana sanar da abin da ta girka, mawaƙi yana sakin sabuwar waƙa. Sai dai da yawa suna ƙona kuɗin data, saƙon ya fita, amma ko mutum ɗaya bai kira ba. Tarihin kiɗan wannan yanki ya nuna inda gizo ke saƙa: saƙo yana tafiya ne idan miƙa shi daga hannu zuwa hannu bai da wuya, riba kuma tana dawowa ne idan sunan mai shi yana tafe da shi.

A Tamanrasset ne, wajajen 1979, Ibrahim Ag Alhabib ya haɗu da abokan da suka kafa ƙungiyar kiɗan Abzinawa ta Tinariwen. Ba su da kamfanin faifai, ba su da gidan rediyon da zai sa waƙoƙinsu. Dabarar da suka kama a shekarun 1980 ita ce, duk wanda ya kawo kaset marar komai a kai, sai su naɗa masa waƙa kyauta. Shi kuma ya kwafa wa wani, har waƙoƙin suka ratsa Sahara. Masu sauraro su ne suka zama masu talla. Sai a 2001 faifansu na farko ya shiga kasuwar duniya, a 2012 kuma suka ci kyautar Grammy a Amurka.

Da salula ta zo, katin memori da Bluetooth suka gaji kaset. A 2008 wani matashi ɗan Nijar, Mdou Moctar, ya je Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na Tamashek da irin gyaran muryar da aka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba. A nan ne illar wannan hanya ta bayyana: fayil yakan yi yawo babu sunan mawaƙi, babu lambarsa. Lokacin da Ba'amurken nan Christopher Kirkley ya tattara waƙoƙin da ya samu a wayoyin mutane a Kidal, ya fitar da su a 2011, sai da ya shiga cigiyar mawaƙan kafin ya gano su ya biya su haƙƙinsu. An gano Mdou Moctar, yau yana wasa a Turai da Amurka. Wanda ba a gano ba kuwa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yau WhatsApp ne ya fi ɗaukar wannan aiki tsakanin Tamanrasset, Arlit, Agadas, Damagaram da Kano. Yana da ƙofofi da dama, kuma kowace da aikinta. Abin da aka ɗora a Status yana ɓacewa bayan awa 24, kuma ba ya isa sai ga wanda kuka adana lambobin juna. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda yana ɗaukar lamba 256, amma wanda bai adana lambar mai aikawa ba, saƙon ba zai same shi ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa tallan mutane da yawa ke faɗawa rijiya. Matakin farko ga mai sana'a shi ne ya sa abokin ciniki ya adana lambarsa tun suna tsaye a shago.

Guruf yana ɗaukar mutum 1,024, kuma kowa na iya magana, saboda haka ya dace da ƙungiyar 'yan gari ɗaya ko adashi, amma kowane mamba yana ganin lambar ɗan'uwansa. Tashar WhatsApp, wadda aka buɗe a 2023, mai ita kaɗai ke magana, lambobin mabiya kuma a ɓoye suke. Shi kuwa WhatsApp Business, da ya fito a 2018, yana ba ɗan kasuwa damar jera kaya da farashi, da ajiye amsa mai fita da kanta idan ba ya kusa.

Tun 2019 kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, domin rage yaɗa ƙarya. Ma'ana, mutum ɗaya ba zai iya cika duniya da tallansa ba, sai wasu sun ga dalilin tura shi gaba. Abin da ke sa su tura ba ɓoyayye ba ne. Saƙon murya cikin Hausa yana isa ga wanda bai karanta Faransanci ko Larabci ba. Ƙaramin fayil yana sauka ko inda rezo ke da rauni, kamar hanyar In Guezzam mai kusan kilomita 400, inda dogon bidiyo kan maƙale. Suna da lamba kuma a faɗe su cikin muryar, a rubuta su a jikin hoton, domin bayanin da aka rubuta daban yakan yanke a hanya. Wanda ya yi tambaya a amsa masa ranar, don mai saye ba ya jiran wanda ya yi shiru.

Akwai kuma abin kiyayewa da ya shafi baƙi musamman. Hukumomin Aljeriya suna kwashe baƙin haure zuwa iyakar Assamaka shekara da shekaru, kuma ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 a 2024 kaɗai. Bidiyon talla da ya nuna ƙofar gida ko fuskokin ma'aikata na iya jefa wanda ba shi da takardu cikin masifa. A nuna kaya, a bar mutane, sai da izininsu.

Mawaƙan yankin sun riga sun ɗauki darasin. A 2020 kamfanin Sahel Sounds na Kirkley ya riƙa karɓar waƙoƙin da aka naɗa da waya ta WhatsApp, yana sayarwa a intanet, kuɗin na komawa ga masu su. Ƙungiyar Imarhan ta Tamanrasset kuwa ta gina ɗakin naɗar waƙa nata a garin, inda ta naɗi faifanta na 2022. Tela ko mai abinci a Tahaggart ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake buƙata shi ne lambarsa a wayar abokin ciniki, da sunansa a jikin duk abin da ya saki.