Taimakon Ƙyanƙyasar Ƙwan Haihuwa: Ma'aurata, A Yi Tambaya Kafin A Biya

A garuruwa da ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan, idan aure ya shekara biyu ko uku babu goyo, sai ƙananan maganganu su tashi, kuma yawanci matar ce take shan gori daga dangin miji. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya kan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Ashe 'yan'uwanmu da ke cikin wannan hali suna da yawa.

A yau akwai hanyar da likitoci ke kira IVF, wato a ɗebi ƙwan mace da maniyyin mijinta a haɗa su a ɗakin gwaji, bayan 'yan kwanaki a dasa a mahaifarta. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya a Ingila ran 25 ga Yuli, 1978. A nan gida ma an haifi wata a asibitin Nisa na Abuja a 1998, a hannun Dokta Ibrahim Wada. Aikin yana cin kuɗi ƙwarai. Manomin rake ko tumatir da ya ɗaura niyyarsa, sai ya haɗa amfanin gonarsa da bashi kafin ya kai.

Ban da ainihin aikin, akwai ƙarin ayyuka da wasu asibitoci ke tallata wa ma'aurata, kowanne da kuɗinsa dabam. Ɗaya daga ciki shi ne taimakon ƙyanƙyasa. Ƙwan da aka haɗa yana cikin wani ɗan siririn ɓawo. Wajen kwana 5 zuwa 6 yakan fasa ɓawon da kansa ya fito, kamar ɗan tsako, sa'an nan ya manne a jikin mahaifa. Wasu masana suka yi tunanin cewa wani ƙwan yakan kasa fitowa, musamman na macen da ta fara manyanta ko wanda aka adana a ƙanƙara. Saboda haka tun wajen 1990 aka fara huda ɓawon ko a rage kaurinsa kafin dasawa, da allura, ko ruwan magani, ko hasken leza.

Dabarar tana da daɗin ji, amma an gwada ta an ƙirga. A 2021 ƙungiyar masu bincike ta Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 39 da aka yi da mata fiye da 7,000. Ta ga alamar cewa samun ciki yana ɗan ƙaruwa, amma ba a tabbatar da ƙaruwar haihuwar jariri rayayye ba. Ga lissafinsu: idan mata 28 cikin 100 sun haihu ba tare da an huda ɓawon ba, waɗanda aka huda wa za su kama tsakanin 27 da 34. Wato mai yiwuwa a ƙaru kaɗan, mai yiwuwa kuma ba a ƙaru da kome ba. Sun kuma ga alamar ƙaruwar cikin tagwaye, wanda yake da haɗarin haihuwar bakwaini da hawan jini ga uwa. A ƙa'idarta ta 2013, hukumar NICE ta Ingila ta ce kada a ba da shawarar yin wannan aiki. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ma ta ce a 2022 ba a ga ya ƙara haihuwa ba ga ƙwan da ba a daskarar ba.

To, 'yan'uwa, mene ne abin yi? Da farko miji da mata su tafi asibiti tare, gama sau da yawa matsalar daga namiji take. A fara da babban asibiti mafi kusa, idan ya cancanta a tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wata matsalar magani ko ƙaramin aiki ke warware ta. Wanda kuma ya kai ga IVF aka ce ya ƙara kuɗin ƙyanƙyasa, bari ya tambayi likita: don me ya dace da mu? Cikin waɗanda kuka yi wa, nawa ne suka koma gida da jariri? Nawa ne kuɗinsa shi kaɗai? Likita mai gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba.

Ikilisiyoyi ba su zama baki ɗaya a kan IVF ba. Katolika ba ta yarda da shi ba, waɗansu kuwa sun bar wa ma'aurata su yanke shawara. Yana da kyau a zauna da fasto tun da wuri, musamman a kan makomar ƙwayayen da suka rage bayan dasawa.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana Zakariya da Alisabatu, masu adalci a gaban Allah, duk da haka sun tsufa ba ɗa. Saboda haka kada wani a cikinmu ya ɗauki rashin haihuwa alamar zunubi. Dattawa da zumuntar mata su tsaya tare da irin waɗannan iyalai da addu'a da shawara ta gari, don kada wani ya sayar da gonar gado a kan alkawarin da ba shi da tabbas. Ubangiji ya ta'azantar da dukan masu jira. Amin.