Zanen aro ba ya rufe katara: ƴan kasuwa da sabon littafin lissafi na cikin waya

A da, ɗan kasuwar Maraɗi da ke son a tsara masa lissafi cikin kwamfuta sai ya nemi gwani, ya biya kuɗi masu yawa. Yau akwai kayan aiki da ke ba mutum damar haɗa tsarinsa da kansa, ba tare da ya koyi harshen na'ura ba. Daga cikinsu akwai Google Forms, da KoboToolbox, da AppSheet wanda kamfanin Google ya saya a 2020. Wanda ya iya karatu da rubutu, ko a ajin yaƙi da jahilci ya koya, yana iya somawa.

Mu ɗauki misalin magatakardan ƙungiyar manoman rani a Jiratawa. Cikin yini guda zai iya tsara takardar cikewa a wayarsa: sunan manomi, girman gonarsa, kuɗin ruwan da ya biya, da bashin taki. Na'urar za ta haɗa jimilla, gardama ta ragu ranar taro. Haka nan mai sayen hatsi a Tibiri zai san yawan buhunan da suka shiga sito da waɗanda suka fita.

Amma fa a yi hattara. Da fari, galibi lissafin yana ajiye ne a rumbun kamfani a ƙasar waje, kuma kamfanin na iya ƙara kuɗi ko ya rufe aikin. Na biyu, in mutum ɗaya kaɗai ya san kalmar sirri, ranar da ya bar aiki ya tafi da littafin ƙungiya. Na uku, waya sai da wuta: a watan Agusta 2023 Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, jama'ar Maraɗi sun ji a jikinsu. Na huɗu, sunayen mutane da bashinsu amana ne. Tun 2017 ƙasarmu ta kafa dokar kare irin waɗannan bayanai.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyi da ma'aikatan da ke kula da su: mutum biyu su riƙe kalmar sirri, a buga lissafi bisa takarda kowane ƙarshen wata, kuma kada a jefar da tsohon littafi. Na'ura ta kamfani ce, amma lissafin naku ne.