Midgard: Duniyar da aka yi wa ganuwa

Mutanen dā na arewacin Turai, kakannin mazauna Nowe da Suwidin da Denmak, ba su ɗauki duniyar ɗan Adam a matsayin buɗaɗɗen fili ba. Midgard suke kiranta. A tsohon harshensu "mid" na nufin tsakiya, "gard" kuma shinge ne, ko filin da shingen ya kewaye. Sunan ya girmi zamanin mayaƙan Baikin nesa ba kusa ba, domin 'yar'uwar kalmar, "midjungards", ta fito a fassarar Linjila da Wulfila ya yi wa ƙabilar Got a ƙarni na 4.

Snorri Sturluson, malamin tsibirin Aislan da ya tattara waɗannan tatsuniyoyi wajen 1220, ya ruwaito cewa Odin da 'yan'uwansa Vili da Ve sun kashe wani ƙato mai suna Ymir. Namansa ya zama ƙasa, jininsa ya zama teku, ƙoƙon kansa ya zama sama. Da gashin idonsa kuwa suka gina katanga, don kada sauran ƙattin, waɗanda aka ba gaɓar teku, su afka wa mutane. Can cikin tekun macijin Jormungand ya naɗe duniya, wutsiyarsa a bakinsa. Abin lura, da jikin maƙiyi aka yi katangar da ke tare danginsa.

Bahaushe ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Kalmar "birni" ta haɗa ganuwa da garin da ke cikinta, daji kuma mazaunin iskoki ne da namun dawa. A Borno ma, Birnin Ngazargamu da Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15 kewaye yake da ganuwa.

Maiduguri, wadda aka kafa a 1907 zamanin Turawa, ba ta gaji irin wannan ganuwa ba. Rikicin Boko Haram ne ya sa aka haƙa mata ramukan tsaro a gefen gari, har da kewayen jami'a a 2017. Sai dai tatsuniyar Snorri ta sanya gonaki a cikin shinge, alhali na Maiduguri suna waje. Dole manomi ya ƙetare ramin kafin ya ci abinci. A watan Nuwamba na 2020, manoman shinkafa daga Zabarmari sun fita girbi a Koshebe, aka kashe gommai daga cikinsu a gonakin.