Pontaj a Tumur: takarda tana nuna wanda bai zo aiki ba, amma ba ta faɗin dalili

A ma'aikatu da dama na jahar Diffa, daga ofishin magajin gari zuwa likita da lakwal, akwai wani littafi da ake ajiyewa a kan tebur kusa da ƙofa. Ma'aikaci ya iso ya rubuta sunansa da lokacin zuwansa ya sa hannu, in zai tashi ya sake sa hannu. Shi ne pontaj. Da shi ake sanin wanda ya cika kwanakin aikinsa, da shi ake lissafin kuɗin leburori, kuma shi ake buɗewa ran da rigima ta tashi tsakanin ma'aikaci da ubangidansa.

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta tsayar da lokacin aiki a kan awa 40 a mako, aikin gona kuma awa 2400 a shekara. Abin da ya haura haka ƙarin lokaci ne, kuma kuɗinsa ya fi na awar da aka saba. Ma'aikatan gwamnati suna da tasu doka daban, amma su ma a kan awoyi aka gina makonsu: cikakken wuni daga Litinin zuwa Alhamis, ranar Juma'a a tashi kafin masallaci. Ke nan duk inda ba a ƙirga awoyi, ko dai jama'a su yi asarar aikin da aka biya domin su, ko ma'aikaci ya yi asarar guminsa.

A gari irin Tumur lissafin ya fi haka wuya. Ƙaramar hukuma ce ta gundumar Bosso, wajen kilomita 75 daga birnin Diffa, ba nisa da iyakar Najeriya. Lokacin da aka kai wa Bosso hari ranar 3 ga Yuni 2016, dubban mutane nan suka fara nufa. Zuwa ƙarshen 2020, hukumar HCR mai kula da ƴan gudun hijira ta ƙiyasta cewa garin na ɗauke da mutum fiye da 30,000 da rikici ya raba da gidajensu, akasarinsu daga Najeriya. Likitar da aka gina domin ƙaramin gari ita ce ta karɓi wannan taro. A irin wannan wuri, ranar da ma'aikacin jinya guda bai zo ba, layin mata masu goyo ne ke komawa gida ba a duba su ba.

Matsalar ba ta Diffa kaɗai ba ce. Wani bincike da Bankin Duniya ya gudanar a Nijar a 2015, ta hanyar kai ziyarar ba-zata, ya tarar da kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan lafiya ba sa wurin aikinsu a lokacin da aka je.

Gurbi ɗaya, dalilai huɗu

Babban raunin littafin pontaj shi ne, duk wanda bai zo ba, gurbi iri ɗaya yake bari: fili ba sa hannu. Alhali a Tumur mutum huɗu na iya barin wannan gurbi, kowa da nasa dalili.

Na farko ya tafi karɓar albashi. Bankuna a birnin Diffa suke, kuma tafiyar da a taswira ba ta wuce awa biyu ba tana iya cin kwana biyu ko uku, tsakanin jiran mota, shingayen bincike da layin banki. Na biyu an gayyace shi horo. Tun da ƙungiyoyin agaji suka cika jahar, tarukan horo suka yawaita, kowace ƙungiya da nata, kuma sau da yawa mutum guda ake kira, wato majo ko ungozoma ko daraktan lakwal, tun da su ne dai ke akwai. Kuɗin zaman da ake bayarwa ba abin rainawa ba ne ga mai ƙaramin albashi, don haka ba kasafai ake ƙin zuwa ba. Na uku hanya ce ta hana shi. Na huɗu kuwa yana gida kwance, ko yana wata sabga tasa.

Batun hanya ba uzurin banza ba ne. A watan Fabrairun 2015 aka sa jahar ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, wadda ta zo da dokar hana fitar dare da hana hawan babur na tsawon shekaru, alhali babur shi ne abin hawan malami da ma'aikacin jinya na ƙauye. A daren 22 ga Nuwamba 2018 an kashe mutum takwas a sansanin kamfanin haƙar rijiyoyi na Foraco a Tumur, mutanen da aikin samar wa jama'a ruwan sha ya kai su can. A daren 12 ga Disamba 2020, jajibirin zaɓen ƙananan hukumomi, an kashe mutum aƙalla 27 a garin, aka ƙone kasuwa da ɗaruruwan gidaje. Bayan irin wannan, ba abin mamaki ba ne ma'aikaci ya bar iyalinsa a Diffa, ya riƙa isowa Litinin da rana ya juya Alhamis da yamma. Ga kuma kogin Komadugu, wanda ambaliyarsa, kamar ta 2019 da ta 2022, ta kan raba ƙauyukan bakinsa da hanya.

Shugaban da ya yanke wa duka huɗun albashi ya zalunci uku. Wanda ya ƙyale duka huɗun ya koya wa sauran cewa zuwa da rashin zuwa duk ɗaya ne, kuma wannan na biyun shi ya fi yawa, don ya fi sauƙi. Gyaran ba ya buƙatar kuɗi: a ƙara layi ɗaya a littafin domin dalili, da alamomi kaɗan da kowa ya sani (aika, horo, ciwo, hutu, tsaro, ba izini), a cika shi a ranar, ba ƙarshen wata ba, a kuma rubuta sunan wanda ya riƙe wurin. Bayan wata uku littafin da kansa zai nuna inda kwanakin ke zurarewa. In horo ne ya cinye kwana goma a wata, to maganar ba ta ma'aikaci ba ce, ta hukumar lafiya ta gunduma ce da ƙungiyoyin da ya kamata su haɗa jadawalinsu. In karɓar albashi ne, a raba tafiyar bi da bi maimakon a rufe ƙofa a tafi gaba ɗaya.

Sauran dabarun kowa ya san su: aboki ya sa wa aboki hannu, ko a cike mako guda a zama ɗaya, ko a rubuta lokacin zuwa da na tashi tun da safe. Tsohon maganinsu shi ne shugaba ya ja jan layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe da zarar lokaci ya wuce, duk wanda ya zo daga baya ya sa hannu a ƙasan layin. Yana aiki, amma sai in shugaban ya riga kowa isowa. Kuma a ma'aikatar mutum huɗu ko biyar, inda shugaba da na ƙasa da shi ke cin tuwo a kwano ɗaya da dare, jan wannan layi yana da nauyi. Kunya ta fi rashin alƙalami kashe pontaj.

Na'ura ba ta jin kunya, amma...

Shi ya sa mutane da yawa ke ganin na'urar dangwala yatsa ce mafita. Tana da amfaninta, musamman wajen gano ma'aikatan bogi. A watan Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta Najeriya ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi bayan tantancewa, abin da ya rage mata fiye da naira biliyan 2 a kowane wata. A Nijar ma hukumar HALCIA ta taɓa bankaɗo malaman kwantaragi da babu su sai a takarda. Sai dai ma'aikacin bogi daban, ma'aikacin gaske da ba ya zuwa daban. Na farko tantancewa ɗaya ta isa a kama shi. Na biyu sai an bi shi kullum, kuma bin kullum yana son wutar da ba ta ɗaukewa, da rezo, da wanda zai gyara na'urar in ƙurar hunturu ta toshe ta. Yatsan da fartanya da shebur suka cinye zanensa ma ba kullum take gane shi ba.

Abin da ya faru a ƙasar Indiya ya isa darasi, kuma a gunduma ɗaya aka ga fuskokinsa biyu. A Udaipur, daga 2003, ƙungiyar Seva Mandir ta raba wa malaman makarantunta na ƙauye kyamara mai buga rana da lokaci. Ɗalibi ya ɗauki hoton malami da yara da safe, ya sake ɗauka lokacin tashi, kuma a kan yawan kwanakin ake biyan albashi. Rashin zuwan malamai ya sauko daga kashi 42 cikin ɗari zuwa kashi 21. Masaniyar tattalin arziki Esther Duflo, ƴar Faransa da ta samu kyautar Nobel a 2019, na cikin waɗanda suka bi diddigin gwajin. Da aka gwada makamancinsa a kan ma'aikatan jinya na gwamnati, da na'urar buga lokaci, watannin farko an ga ci gaba sosai. Kafin a yi shekara ɗaya da rabi komai ya koma gidan jiya. Na'urori suka yi ta lalacewa, wasu da alamar da gangan ne, shugabannin lafiya kuma suka yi ta raba wa ma'aikata kwanakin uzuri har hukuncin ya zama ba ya hawa kan kowa. Bambancin gwajin biyu ba a na'ura yake ba. A na farko mai biyan albashi yana son ya sani, a na biyu ba ya so.

Misalin da ya fi kusa da Tumur a cikin gida yake. Daga 2014, masu bincike Jenny Aker da Christopher Ksoll sun gwada wani tsari a azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙauyukan Maraɗi da Damagaram: kowane mako a buga waya ga malami, da mai gari, da ɗalibai biyu, a tambaya ko an yi karatu, kwana nawa, mutum nawa suka zo. Ba a ƙara wa kowa ko dala ba, ba a kuma rage ba. Duk da haka ɗaliban ƙauyukan da ake kira sun fi sauran ƙwarewa a karatu da lissafi. Malamin da ke nesa, wanda ansifekta kan daɗe bai leƙo shi ba, ya san akwai mai tambaya.

Wannan ana iya yin sa a kwarin Komadugu, inda zuwan mai bincike daga Diffa ke buƙatar mota da mai, wani sa'in har da rakiya. Kwamitocin iyaye na makarantu da na kula da likita suna nan, sarakuna da masu unguwanni suna nan, kuma su ne suka fi kowa sanin ranar da aka buɗe ƙofa. Amma akwai iyaka da bai kamata a tsallake ba. A yankin da ake satar mutane domin kuɗin fansa, jadawalin da ke nuna wa zai kwana a likita ran Laraba, ko wace rana darakta zai kama hanyar Diffa, ba abin liƙawa a bango ba ne, balle a watsa shi a zauren WhatsApp. Pontaj ya rubuta abin da ya riga ya wuce. Abin da ke tafe ya tsaya tsakanin shugaba da ma'aikacinsa.

Leburan da ba shi da kwafi

Ana yawan kallon pontaj a matsayin sandar ubangida, alhali mafi yawan masu cutuwa da rashinsa ƙananan ma'aikata ne. A ayyukan gina-ka-ci da ƙungiyoyi ke shiryawa, kamar dashen shingen tare rairayi a Maine Sorowa da Gudumariya, ko a gonakin tattasai na bakin kogi lokacin tsinka, takarda ɗaya ce, kuma tana hannun mai pontaj. Shi ke cewa wane ya yi kwana goma sha biyu, wance ta yi tara. Wanda bai iya karatu ba ya dangwala yatsa a kan abin da bai gani ba. Mai pontaj marar tsoron Allah na iya rage kwana nan ya ƙara can, ko ya cusa sunan ɗan'uwansa da bai taɓa ɗaga shebur ba.

Ko da ba mugunta, rubutun suna kaɗai ya isa ya jawo asara. Ɗan gudun hijirar da katinsa na Najeriya ya ce Umar, mai pontaj ya rubuta Oumarou da rubutun Faransanci, mai biya ya duba ya ce ba shi ba ne. A wurin da masu suna Modu ko Falmata suka kai goma, lambar kati ta fi suna tabbas. Abu biyu ke rage rigimar ranar biya: a kira sunaye da ƙarfi a gaban kowa ƙarshen kowane wuni, cikin Barbarci ko Fillanci ko Hausa, yadda masu aikin za su ji, sannan kowane lebura ya riƙe ƙaramin katinsa da ake yi wa alama a gabansa. Inda aikin ke ƙirguwa, kamar ramuka ko buhuna, biya a kan abin da aka yi ya fi biya a kan awa, musamman a zafin Afrilu da Mayu ko cikin azumi, lokacin da mutum ya gwammace ya fara da asuba ya gama kafin hantsi ya ɗaga.

Haka abin yake ga masu gadi da direbobi na ƙungiyoyi da ƴan kwangila. Direban da ya tashi da asuba ya dawo bayan magariba ya zarce awoyinsa, amma in littafin ofis daga ƙarfe 8 na safe ya fara ƙirga, ran da ya kai ƙara ofishin sufeton ƙwadago a Diffa zai je ne ba hujja a hannu. Littafin tafiyar mota, mai lokacin fita da na dawowa, ya kamata a ɗauke shi a matsayin pontaj ɗinsa. Ungozomar likitar ƙauye kuma, da aka tada ƙarfe biyu na dare domin naƙuda ta kai asuba a tsaye, in ta iso ƙarfe goma na safe, a ƙasan jan layi za ta sa hannu kamar kowane makararre, sai fa in littafin yana da shafin dare.