Waƙa da Tuna Baya

Akwai wata tambaya da akan yi wa mutane a wurin hira, wadda amsarta takan ba mai nazarin adabi abin tunani in ya kasa kunne da kyau. Tambayar ita ce: wace waƙa ka fi so? Abin da aka saba gani shi ne, mutum ya faɗi waƙar, sa'an nan ba tare da an nemi ƙarin bayani ba sai ya shiga ba da labarin kansa. Wani ya ce waƙar Shata kaza, domin ita ake yayi shekarar da ya fara zuwa Kano cin rani. Wata ta ce ta Barmani Choge, domin ita mata suka yi ta rerawa ranar sunan 'yarta ta fari. Da wuya a sami wanda zai ce ya zaɓi waƙar saboda ƙarfin jigonta, ko tsarin ɗiyanta, ko gwanintar sarrafa harshe da ke cikinta. An tambaye shi waƙa, ya amsa da tarihin rayuwarsa.

Wannan ya nuna cewa abubuwa biyu ne suke haɗuwa a kunnen mai saurare, ko da yake shi yana jin su tamkar abu guda. Na farko shi ne daɗin waƙar ita kanta, watau abin da makaɗi ya zuba mata na fasaha. Na biyu kuwa shi ne kayan da waƙar ta ɗauko a hanya: wurin da aka fara jinta, da mutanen da ake tare da su, da halin da zuciya take ciki a lokacin. Bahaushe yana da kalmomi na wannan hali na biyu. Yana cewa kewa, idan abin da aka rabu da shi ana sa ran sake ganinsa. Yana kuma cewa bege, wanda ya fi kewa zurfi, domin akan yi begen abin da ya yi nisa, har da wanda ba zai dawo ba. Yawancin waƙoƙin da mutane suke cewa sun fi so, waƙoƙin bege ne ta wannan fuska, ko da kuwa jigonsu zambo ne ko raha.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa in aka ce wa dattijo ya faɗi abubuwan da yake tunawa a rayuwarsa, mafi yawansu sukan fito ne daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 na haihuwarsa. Waƙa ma haka take. Wadda ta sami mutum yana tashen samartaka ko budurci ita ce takan zauna, domin a shekarun nan ne yake yin abubuwa da yawa karo na farko: barin gida, neman na kansa, soyayya, aure, rashin iyaye. Abin da aka yi wa na farko kuwa yana da wuyar gogewa. Amma wannan bayani na kowa da kowa ne, ya shafi Bature ya shafi Balarabe. Abin da ya fi dacewa a bincika a nan shi ne, mene ne a cikin waƙar baka ta Hausa, da kuma yadda ta riƙa isa ga jama'a, wanda ya sa ta zama rumbun ajiyar tunani haka?

Abu na farko shi ne ginin waƙar. Waƙar makaɗan Hausa tana da gindi, watau 'yan kalmomin da 'yan amshi suke komawa kansu bayan kowane ɗa da jagora ya yanka. A waƙa guda akan maimaita gindin nan sau da yawa ƙwarai, har mai saurare ya tsinci kansa ya zama ɗan amshi ba da saninsa ba. Abin da baki ya saba furtawa kuwa ya fi abin da kunne kaɗai ya ji daɗewa a ƙwaƙwalwa. Ga kuma kiɗan. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuma yana iya bin hawa da saukar muryar mai magana, saboda haka ganga takan faɗi gindin waƙa tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Wanda ya san waƙoƙin Shata, bugu biyu ko uku na kalangu sun ishe shi ya gane wadda za a yi. Haka kotson Ɗanƙwairo, haka kuntigin Ɗanmaraya Jos. Tunanin yakan riga hankali isowa: kafin mutum ya ce wa kansa "ai waƙa kaza ce", ya riga ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci, shi ne sunaye. Hausawa suna cewa tuna baya shi ne roƙo, kuma makaɗi ya fi kowa sanin haka, domin sana'arsa ke nan. Yana ambaton wanda ya yi wa waƙa, da ubansa, da kakansa, da garinsu, da barorinsa, da abokansa, da wanda ya ba da riga, da wanda ya ba da doki ko mota. A ranar da aka yi waƙar, wannan jerin sunaye godiya ce da neman ƙari. To, amma waƙa tana daɗewa fiye da mutane. Bayan shekara talatin ko arba'in, in aka sa waƙar, sai a tarar yawancin waɗanda aka ambata sun riga mu gidan gaskiya, ɗan wani daga cikinsu kuma yana zaune a bayan mota yana jin an kira sunan mahaifinsa da rai da lafiya, ana yabon kyautarsa. Babu abin da zai hana irin wannan mutum ya ce waƙar nan ta fi kowace waƙa a duniya.

Misali mafi fitowa fili shi ne waƙoƙin da Musa Ɗanƙwairo ya yi wa Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello. Lokacin da aka yi su, waƙoƙin yabo ne na mai mulki a kan ganiyarsa, masu cike da zuga da habaici ga abokan hamayya. Daga ranar 15 ga Janairu 1966, da aka kashe shi, sai waƙoƙin nan suka koma tamkar ta'aziyya a kunnen mutanen Arewa da yawa, alhali ko kalma ɗaya ba a sauya a cikinsu ba. Kiɗan da aka yi don a yi taƙama, shi ne ya koma sa dattawa sunkuyar da kai. Wannan darasi ne ga mai nazari: jigon waƙa yana cikin baitocinta, amma abin da take yi wa zuciya, zamani yana da hannu a ciki. Shi ma Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, saboda haka yanzu muryar mai kiran sunayen ita ma ta shiga jerin waɗanda ake begensu.

Abu na uku shi ne hanyar da waƙa ta bi ta shiga gidaje. A da, sai mutum ya je inda ake yi: ƙofar fada, ko filin dambe inda Ɗan'anace yake zuga Shago, ko gidan biki. Zuwan garmaho ya fara sauya wannan, amma rediyo ce ta yi babban aikin, musamman bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, wanda ake kamawa har Nijar da Kamaru da zangunan Gana. Shirin Zaɓi Sonka ya cancanci a dube shi da idon basira. Mai saurare yakan aika da kati ko wasiƙa, ya zaɓi waƙa, ya jera sunayen waɗanda yake so a gaisar masa. Watau abin da makaɗi yake yi wa sarakuna da attajirai, na kiran suna a gaban jama'a, sai ga shi rediyo tana yi wa tela da ɗan makaranta da soja. Wanda aka taɓa kiran sunansa kafin a sa wata waƙa, ko wadda saurayinta ya gaishe ta da ita daga wani gari mai nisa, waƙar nan ta zama tasa ko tata har abada, ko da makaɗin bai san da zamansu a duniya ba.

Sa'an nan kaset ya zo. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 sun sa rediyo mai cin kaset ta yawaita a hannun mutane, daga nan kuma ta bazu zuwa tasha da teburin mai shayi da shagon ɗinki. Direbobi sun taka rawa babba a nan. Mutum ya shiga mota daga Gusau zuwa Zariya, kaset ɗaya direba yake juyawa har a iso, saboda haka waƙar ta manne da hanyar, da ƙurar hunturu, da dalilin tafiyar, ko neman aiki ne ko zuwa gaisuwar mutuwa. Ba mamaki da waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya ta sami karɓuwa irin wadda ta samu: ta yi magana a kan mutumin da fasinja yake gani a gabansa lokacin da yake jinta.

Akwai kuma waƙoƙin da ba su bi ta rediyo ba, waɗanda akasari na mata ne: na gaɗa a dandali, na daka, na niƙa, na reno. Ba su da faifai, ba a san wanda ya ƙaga su ba, amma su ne sukan fi jimawa a zuciya. Masu jinyar tsofaffi sun sha ganin tsohuwar da gigin tsufa ya kama, ta kasa gane jikokinta, amma in aka ɗauko mata waƙar dandalinsu sai ta karɓa ta kai ƙarshe. Binciken da aka buga a 2015 kan masu cutar mantuwa ta Alzheimer ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa da ke riƙe da sanannen kiɗa suna cikin waɗanda cutar takan jinkirta lalatawa.

To, duk wannan yana jawo wata matsala ga mai son ya yi wa waƙa hukunci na adalci. An saba jin dattawa suna cewa waƙa ta ƙare tun da su Shata suka kau, na yanzu hayaniya ce kawai ta fiyano. A cikin wannan magana akwai gaskiya, akwai kuma ruɗi. Gaskiyar ita ce, makaɗan da suka tashi a gidan kiɗa, suka yi shekaru suna amshi kafin su yi jagoranci, sun mallaki harshe da sanin tarihi da ba kowane mai shiga ɗakin ɗaukar murya a yau yake da su ba. Ruɗin kuwa shi ne, rabin abin da dattijon yake yabo ƙuruciyarsa ce. Yana jin waƙar da kunnen ɗan shekara ashirin, yana jin ta yanzu da kunnen ɗan saba'in, sa'an nan ya ɗora wa mawaƙi laifin bambancin. Kowa ya tuna bara, in ji Hausawa, bai ji daɗin bana ba. Ya kuma manta cewa a zamanin nasa ma akwai waƙoƙi barkatai marasa ma'ana, waɗanda suka mutu ba wanda ya yi kukansu, har ma shi Shata akwai malamai da iyayen da suka hana 'ya'yansu saurarensa.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a kai waƙar ga wanda ba shi da wani tunani da ya rataya a kanta. Bakandamiyar Narambaɗa ta ci wannan jarrabawa: ɗalibin da aka haifa shekaru da yawa bayan rasuwar makaɗin, bai san Isa ba, bai san fadar Sarkin Gobir Amadu ba, yakan ji ta ya tsaya cik saboda nauyin maganar da ke ciki. Wasu waƙoƙin kuwa, da zarar waɗanda suka yi samartaka da su sun ƙare, su ma sun ƙare. Wannan ba aibi ba ne gare su, sun yi aikin da aka yi su dominsa. Kuma abin yana nan yana maimaita kansa. Yaran da aka yi wa faɗa saboda waƙar fim ɗin Sangaya wajen shekarar 2000, yau sun ba arba'in baya ko sun kusa, kuma in waƙar ta tashi a wayar wani sukan yi shiru irin wanda iyayensu suke yi wa kalangun Shata, har su ce wa 'ya'yansu na yanzu ba waƙa ba ce.

Wani abin lura game da mutanen zamanin kaset shi ne, ba waƙar kaɗai suka haddace ba, har da lahanin kaset ɗin. Makaɗin baka ba ya yin waƙa iri ɗaya sau biyu. Yakan ƙara ɗa, ya rage ɗa, ya sa sunan wanda ya gani a wurin. Kaset ya kama yi guda ya daskarar da shi. Kaset mai minti 60 kuwa minti 30 ne kowane gefe, doguwar waƙa takan yanke a tsakiya sai an juya. Akwai waɗanda har yau, in suna jin cikakkiyar waƙar a waya, da an zo daidai wurin nan sai su ji kunnensu yana jiran ta yanke, hannu yana shirin miƙewa ya juya kaset ɗin da ya ɓace tun shekaru talatin da suka wuce.