Shirin Musamman: Inda Tiransifa Ke Maƙalewa

Kuɗin da mai saye ya tura wa mai shago a kasuwar Tambuwal ba kai tsaye yake tafiya ba. Daga waya ko na'urar POS saƙon ke tashi, ya bi eriyar kamfanin sadarwa, ya isa kwamfutocin bankin mai turawa, ya ratsa NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankuna a Legas, kana ya sauka a bankin mai karɓa. Kowane zango yana da iya abin da zai ɗauka a daƙiƙa guda.

Iyakar ta fito fili a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Tsabar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma tiransifa. Daga Tambuwal har Kebbe magana ɗaya ce: an cire, amma bai shiga ba. Mai akuya na riƙe da igiya, ido a kan waya, ba zai saki ba sai ya ga alat.

To me zai hana a ƙaro kwamfutoci? Ana ƙarowa, sai dai amfaninsu na da iyaka. Tun 1967 masanin kwamfuta Gene Amdahl ya nuna cewa duk aikin da ke da sashen da dole a yi shi bi-da-bi, wannan sashen ne ke yanke saurinsa. Ragowar kuɗin asusu haka yake: cira ɗaya, sannan ta gaba, in ba haka ba a kashe naira dubu goma sau biyu. Ko guga ɗari aka kawo, bakin rijiyar ɗaya ne.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne shirun. Idan amsa ba ta dawo ba, bankin mai turawa ba ya iya bambance ko saƙon ne ya ɓata a hanya, ko kuwa ya isa, amsar ce ta ɓata. Shiru dai shiru ne. Sai kuɗi ya rataye har bankunan biyu su daidaita lissafi. Mutum kuwa ya ƙosa, ya sake dannawa, ya kuma dannawa, kowace dannawa ƙarin kaya ce a kan na'urar da ta riga ta gaji.

Cunkoson ya lafa ne bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris, 2023, lokacin da tsoffin takardu suka fara dawowa hannun jama'a.